Safta, Wadda Aka Haifa da Riga

Shinge ne kawai ya raba gidanmu da gidan su Safta, kuma 'yan watanni na girme ta. Saboda haka abin da ya faru ranar haihuwarta ban gani da idona ba. A bakin innata na ji, ita kuwa tana cikin ɗakin, ita ce ma ke riƙe da kafaɗun mai naƙudar.

Lokacin karyar masara ne. Jaririyar ta faɗo fuskarta a lulluɓe da wata 'yar fata siririya, abin da ake ce wa haihuwa da riga. Ba wanda bai san ma'anar wannan ba a ƙauyenmu. Wanda aka haifa da riga, in ya mutu ba ya kwanciya. Strigoi yake zama, ya riƙa fita daga kabari yana komawa gidansu yana tsotse jinin danginsa ɗaya bayan ɗaya, in ya gama da su ya shiga maƙwabta. Tun yana raye ma ana tsoron idonsa a kan saniyar tatsa da kan hadarin da ya taso.

Neaga, uwar jaririyar, ta kama hannun ungozoma tana roƙo. "Gwaggo Stanca, don Allah ki rufa mini asiri. Ki jefa abin nan a wuta, ba mai ji, ba mai gani."

Ungozomar ta ce, "Yarinya, ɓoyewar ce ke ba shi ƙarfi. In aka faɗa wa duniya sai ya karye. Haka na gada wurin wadda ta koya mini."

Ba da mugun nufi ta yi ba. Ta naɗe jaririyar a tsumma, ta fita tsakar gida, ta hau kan tarin itacen girki, ta ɗaga murya ta sanar da gari cewa an haifi mai riga a gidan Parvu mijin Neaga, kowa ya ji, kowa ya shaida, sharrin ya bi iska. Masu aiki a gonaki suka miƙe tsaye suna saurare. Ko sharrin ya bi iskar, Allah ne ya sani. Maganar dai ta zauna daram.

Tare muka tashi. Yarinya ce 'yar siririya mai jan gashi, jan gashin ma ya ƙara mata laifi. In ta doso gida sai ka ga matar gidan ta yi sauri ta rufe ƙwaryar nono. In ruwa ya yi jinkiri, sai a ce wa ubanta ya tsare ta a ɗaki kada ta kalli sama. Yara ba sa dukanta, tsoro suke ji, amma suna bin ta daga nesa suna kukan kyarkeci.

Wata rana a bakin rijiya, muna ƙanana, wata mata ta ce ai irinsu ba sa iya cin tafarnuwa. Neaga tana wurin. Ta ajiye guga, ta shiga gida mafi kusa ta fito da kan tafarnuwa guda, ta ɓare ta miƙa wa 'yarta.

"Ci, su gani."

Safta ta tauna, hawaye na zuba, majina na zuba, ba ta tofar da ko ɗaya ba. Da ta gama ta buɗe baki ta nuna musu. Matar nan ta ɗauki tulunta ta ce, "Ai yanzu tana raye ne. A bari ta mutu tukuna."

A hanyarmu ta komawa gida Safta ta tambaye ni, "Rada, in na dawo, zan gane ku kuwa? Ko ba zan san ku ne ba?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "In zan gane ki, ba zan taɓa ki ba. Ki riƙa sa jan ɗankwalin nan."

Da yake an hana ta kusantar shanu da tumaki, sai uwarta ta zaunar da ita a gaban masaƙa. Nan ta sami abin yi. Kafin ta zama budurwa babu mai saƙa bargo da darduma kamarta a duk kwarin nan. Mutane suna saye, amma sai sun fara kai wa Fada, limamin cocinmu, ya yayyafa musu ruwa mai tsarki kafin su shimfiɗa. Ita ma ta san haka. Ranar Lahadi in an fita rawa a filin gari, a jikin bangon coci take tsayawa. Sa'o'inmu duk muka yi aure, ni na auri Dobre muka gaji gidan babana, ita tana nan a bayan shinge, ƙarar masaƙarta tun safe har yamma.

Sai ga Ilarie. Mai amalanken shanu ne, daga wani gari a bayan duwatsu, yana ɗauko gishiri daga mahaƙa yana kaiwa garuruwan ƙasa. Ƙafar amalankensa ce ta karye a ƙofar gidansu. Ina kan shinge ina shanya lokacin da ta kawo masa ruwa.

Ya karɓa ya ce, "Ke ce aka ce mini mai shan jini?"

Ta ce, "Haka aka ce."

"To ki sani nawa duk gishiri ne. Kina sha ƙishirwa za ta kashe ki a karo na biyu."

Ta yi dariya har ta toshe baki da hannu. Ni da na taso da ita, ban taɓa jin irin wannan dariyar a bakinta ba. Gyaran da ya kamata a gama da rana, Ilarie ya ja shi har washegari. Bayan nan duk tafiya sai shanunsa sun gaji a daidai ƙofar gidan Parvu.

Uwarsa ta ce in ya aure ta kada ya sake taka mata gida. Ya aure ta, ya dawo ƙauyenmu da zama. Mutum ne mai barkwanci, kuma da barkwancin ya yaƙi maganar. In ya shiga mashaya sai ya buɗe wuyan riga ya ce, "Ku duba da kyau, jama'a, yau ma ba ta cije ni ba." Tun ana ɗaure fuska har aka fara dariya. Suka haifi namiji, Neagu, sannan mace, Tudora, dukansu ba riga. Shekaru suka wuce, shanu suna ba da nono, ruwa yana sauka a lokacinsa. Mata suka fara shiga gidanta aron rariya. Da na yanke a hannu ita ta riƙa tatsar mini saniyata har na warke, ba abin da ya sami saniyar. Ta yi ƙiba kaɗan, ta fara waƙa a gaban masaƙa. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan.

Wata bazara wani baƙo ya zo daga Bukares, babban birnin ƙasarmu, da malafa da farar riga, yana ɗauke da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Ya sauka a gidan mai gari. Ya ce a can ƙasashen yamma wani ya rubuta littafi a kan wani basarake na duwatsunmu da ke kwana a akwatin gawa yana shan jinin mutane, ya laƙaba masa sunan tsohon sarkin nan namu mai tsire mutane a kan sanda. Ya ce duniya duka tana karantawa, shi kuwa ya zo neman tushen maganar a bakin masu ita.

Ya saya wa maza giya, su kuma suka shiga gasar ba shi labari. Wannan ya ce kakansa ya ga gawa ta juya a kabari, wancan ya ce a garin matarsa an tono wani an same shi da garin masara a gemu. Sai Oprea, wani maƙeri mai son a ce shi ya fi kowa sani, ya buga teburi ya ce, "Yallaɓai, me za ka yi da matattu? Ai muna da mai rai. Tashi in kai ka."

Ilarie yana kan hanya da gishiri. Da tsakar rana suka shigo mata gida, mai gari a gaba, baƙo a bayansa, rabin gari a biye. Tana tuƙa tuwon masara, Tudora na riƙe da zanenta.

Baƙon ya cire malafa ya gaishe ta da ladabi. Ya tambaye ta ko an ajiye rigar da aka haife ta da ita, ko tana mafarkin tana tashi sama, ko tana jin wani abu in ta ga jini. Tana ba shi amsa da a'a, idonta a kan tukunya. Sai ya ce, "Baiwar Allah, in ba damuwa, ki ɗan buɗe baki in ga haƙoranki."

Ta dubi mai gari. Mai gari ya ce, "Buɗe mana, Safta, baƙonmu ne."

Ta buɗe. Ya leƙa, ya yi godiya. Ya sa ta tsaya a jikin bango, ya ce ta cire ɗankwali gashin ya fito, ya shige cikin baƙin ƙyallensa ya ɗauki hoton. Yana naɗe kayansa ta ce, "Yallaɓai, shi wannan na littafin, yana da 'ya'ya?"

Ya ɗan yi tunani ya ce, "A'a, ban ji an ce yana da su ba."

Ta ce, "To ya huta."

Ya yi dariya, ya shafa kan Tudora, ya tafi. Tuwon ya ƙone a tukunya.

Shi ya koma birninsu, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Amma abin da ya bari ya ishe mu. Mutane suka ce in har masu karatun birni za su taso takanas don su gan ta, to akwai wani abu a ƙasa. Masu aron rariya suka ɗauke ƙafa. Da Ilarie ya dawo ya ji, ya tafi maƙera ya fasa wa Oprea baki, sai da maza suka riƙe shi. Washegari ya shiga mashaya ya buɗe wuyan riga kamar yadda ya saba, ba wanda ya yi dariya. Ya mayar da maɓallinsa ya fita.

Ba a daɗe ba yaƙi ya zo. Aka kwashi maza, aka kwashi Ilarie da shanunsa da amalankensa don jigilar kayan soja. Ranar tafiya ya ce mata, "Kada ki cinye mini yara kafin in dawo." Ta kai masa duka a kafaɗa tana kuka tana dariya. Bai dawo ba. Wani da suka tafi tare ya ce zazzaɓi ne ya kama shi a wata mashigar kogi, aka binne su da yawa a rami ɗaya.

Sojojin abokan gaba suka shigo kwarinmu suka kwashe shanu da masara da barguna. Muka ci dusa, muka ci ganye. Bayan yunwa sai tarin fuka ya shigo gari, ya riƙa bin gidaje. A gidan Safta ya kama Neagu. Saurayi ne lokacin, gemu ya fara tsiro masa, kamarsa ɗaya da ubansa har barkwancin. Ya riƙa ramewa yana fari, kullum da safe sai a ga jini a matashinsa. Ta dafa masa duk saiwar da aka ce mata, ta kai shi gidan sufaye a goye a bayanta aka yi masa addu'a. Ya mutu ana shirin shuka.

A gidaje da yawa an yi irin wannan rashi, amma nata kaɗai aka yi wa fassara. Aka ce ba ta jira mutuwa ba, ta fara tun tana raye, kuma da ɗanta ta fara. Ranar jana'izar mu kaɗan muka raka gawar.

Bayan an yi sadakar arba'in na shiga wurinta na same ta zaune a gaban masaƙa, hannunta a kan cinya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Rada, in ni ce fa?"

Na ce, "Haba Safta. Ke ma?"

"Ina barci ban san abin da nake yi ba. Gadonsa yana kusa da nawa. Kullum da safe yana cewa, Inna, wani abu ya danne mini ƙirji. Wa ke ɗakin in ba ni ba?"

Na ce mata ai ɗan gidan mai gari ma haka ya mutu, ko ita ce ta je can? Ta ce ba ta sani ba. Ilarie ne kaɗai ke iya fitar mata da wannan tunanin daga kai, Ilarie kuwa ba ya nan. Daga ranar ta mayar da Tudora ɗakin ajiya, ta sa yarinyar ta riƙa sa sakata ta ciki. Ita kuma in za ta kwanta sai ta ɗaure ƙafarta da igiya a jikin masaƙa. Na ga shatin igiyar a idon sawunta.

Tudora ta zama budurwa, kyakkyawa mai baƙin gashi irin na ubanta. Wani yaro daga ƙarshen gari ya so ta, har ya fara zuwa gyara musu shinge, amma iyayensa suka ce sai dai bayan ransu. Safta ta ji. A shekarar ne kuma ita ma ta fara ɗan tari. Sai ta aika wa wata 'yar'uwar Ilarie da ke aikin wanki a birnin Craiova, ta ce ta nema wa yarinyar gidan aiki. Kowa ya san strigoi ba ya ƙetare babban ruwa, tsakaninmu da can kuwa akwai kogin Olt.

Tudora ta ce ba inda za ta. Ina jin su ta shinge, kwana da kwanaki ana abu ɗaya.

"Inna, wa zai ɗebo miki ruwa? Wa zai faskara miki itace?"

"Da can wa ke yi mini?"

"Ni dai ba zan tafi ba. Su faɗi abin da za su faɗa, ni ban taɓa jin tsoronki ba."

Ranar da mai amalanken ya tsaya a ƙofa, Safta ta fito da ƙunshin kayan yarinyar ta jefa a ciki. Tudora ta zauna a bakin ƙofa ta riƙe ginshiƙin ƙofar. Sai Safta ta tsaya a kanta ta ce da murya mai sanyi, yadda duk wanda ke wurin zai ji, "Na gaji da ciyar da ke. Kullum na kalle ki sai in ce me ya sa Allah ya ɗauki Neagu ya bar mini ke. Tashi ki ba ni wuri. Ko mutuwa na yi kada ki zo."

Yarinyar ta saki ginshiƙin, ta miƙe, ta hau amalanke. Ba ta waiwayo ba har suka sha kwana.

Na bi Safta bayan gida na same ta durƙushe a cikin kabeji tana amai. Na ce, "Wace irin magana ce wannan kika faɗa wa 'yarki?"

Ta goge baki ta ce, "In ta tafi tana sona, za ta dawo."

Ta yi 'yan shekaru ita kaɗai. Ta daina saƙa wa mutane don ba mai saye, sai ɗan abin da Dobre yake kai mata wata kasuwa mai nisa inda ba a san ta ba. Sau ɗaya Tudora ta aiko mata da ɗankwali mai furanni ta hannun wani mai amalanke. Safta ta riƙe shi, ta shinshina, ta ninke ta mayar wa mutumin ta ce ya ce mata ba ta so.

Da tarin ya yi ƙarfi ta je wurin Fada Zamfir ta roƙe shi, in ta mutu ya bari a soke mata zuciya kafin a rufe ta. Ya ce babu wannan a addini, duk wanda ya taɓa gawar mai baftisma da ƙarfe tsinuwa na kansa. Ya ce ta je ta yi addu'a. Daga can ta zarce wurin mijina, yana gyaran garma.

"Dobre, kai za ka yi mini."

Ya ce, "Safta, ki rufa mini asiri. Tuwon gidanki nawa na ci?"

"Shi ya sa na zo wurinka. In ka bar wa su Oprea, da dariya za su yi."

Sokewar dai ya ce hannunsa ba zai iya ba. Amma ya yi mata alkawarin sauran: a kwantar da ita rubda ciki don in ta yunƙura ƙasa za ta nufa, a sa lauje a wuyanta, a cusa tafarnuwa a bakinta, a watsa gero a cikin akwatin don ta shagala da tsinta. Ita da kanta ta tanadi komai, ta wasa laujen ta rataye a bayan ƙofa. Ta ce masa, "Allah ya saka," kamar wadda aka yi wa kyautar saniya.

Ta mutu ana gama girbi, da rana, ina ba ta ruwan miya a cokali. Ni na yi mata wanka. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Dobre ya cika alkawarinsa, Fada ya juya baya yana karatu kamar bai gani ba. Aka binne ta a ƙarshen maƙabarta ta wajen ƙaya.

Sanyin shekarar ya zo da wuri, dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi. Tarin bai bar gari ba. Ya kama Voica, autar Oprea, yarinya mai hankali wadda ba ruwanta da kowa. Cikin zafin zazzaɓi ta ce wata mata mai jan gashi tana zuwa ta zauna mata a ƙirji. Kafin rana ta faɗi maganar ta gama gari.

Suka jira ranar da Fada ya tafi ɗaurin aure a wani ƙauye. Da safe maza suka zo da gatari da shebur suka tsaya a ƙofarmu, suka ce Dobre ya zo tunda shi ya san yadda ya kwantar da ita. Ya ce an yi mata duk abin da ake yi. Oprea ya ce, "Ba ka soke ta ba. Kai ma ka sani. 'Yata na mutuwa kana mini gardama." Yana maganar yana kuka. Dobre ya ɗauki hularsa ya bi su.

Ni ban je ba, shi ya faɗa mini. Ƙasar ta daskare, sai da suka hura wuta a kan kabarin kafin ta tonu. Da suka buɗe akwatin suka juyo ta, ba ta ruɓe ba, ga ɗan jini baƙi a gefen bakinta. Dobre ya ce musu mutumin da aka binne a bakin sanyi yaya zai ruɓe, naman alade ma a ƙanƙara muke ajiyewa, jinin kuwa shi ta yi ta tofarwa har ta mutu. Ba wanda ya saurare shi. Suka ce ga shi nan, ta ƙoshi. Oprea ya tsaga ƙirjin da wuƙa, suka ciro zuciyar, suka kai mararraba suka ƙone a kan farantin ƙarfe. Tokar suka dama a ruwa suka ba Voica ta sha.

Voica ta mutu kafin ƙanƙara ta narke. Aka ce an makara ne. Bayanta wasu ma suka bi, aka fara waige-waige ana tunanin kabarin wa kuma za a buɗe. Fada ya kai ƙara, jandarmomi suka zo suka yi tambaya gida gida, kowa ya ce bai san komai ba. Suka ci kaza a gidan mai gari suka tafi. Dobre bai sake cin nama da daɗi ba har ya mutu.

Da damina Tudora ta zo. A ƙofar gidan da take aiki ta ji wasu masu amalanke suna ba da labarin wani ƙauye da aka ƙone zuciyar wata mata, suna dariya, har ɗaya ya ambaci sunan garin. Da haka ta san uwarta ta mutu. Da farko ban gane ta ba. Ta rame, kumatunta sun yi ja, tana magana tana tsayawa neman numfashi. Ta ce ɗakin wankin da take kwana a ƙarƙashin ƙasa yake, kullum a jiƙe.

Na kai ta maƙabarta. Ƙasar kabarin ta lotsa, gicciyen ya karkace. Ta gyara shi da hannunta, ta zauna a ƙasa. Na faɗa mata abin da ya sa uwarta ta yi mata waccan maganar, na faɗa mata yadda na same ta a cikin kabeji.

Ta ce, "Gwaggo Rada, na sani. Tun ina kan amalanken na gane. Amma na ji zafi, na ce ba zan dawo ba sai ita ta kira ni. Kullum ina cewa mai amalanken gobe zai zo da saƙo."

Na ce, "Ita kuma kullum tana roƙon Allah kada ki zo."

Ta so ta zauna a gidansu. Ta share ɗakin, ta hura wuta, na kai mata wake da cuku. Amma an ji tarinta. Washegari mai gari ya zo ya tsaya a wajen shinge, bai shiga ba, ya ce, "'Yata, ba ni ba ne, mutane ne. Sun ce jini ɗaya ne, in kin mutu a nan ba su san abin da zai biyo baya ba. Ni ba zan iya tsare ki ba, ba zan iya tsare kabarinki ba."

Ta ce, "Na ji, Baffa."

Na ce ta dawo gidanmu, ko a ɗakin ajiya. Dobre ma ya ce ta zo. Ta ce a'a, muna da jikoki, kuma gobe da mutanen nan za mu ci gaba da zama. Ta ɗauki mazarin uwarta kaɗai, ta ja ƙofar. Dobre ya ɗaura doki ya kai ta har mashigar kogi, inda kwalekwale ke ƙetarar da mutane. Ya ce da za ta sauka ta tambaye shi ko uwarta ta sha wuya kafin ta cika. Ya ce mata a'a.

Gidan ba wanda ya shiga, ko itacen masaƙar ba a taɓa ba, har rufin ya rufta a kai. Kafin shekara ta zagayo 'yar'uwar Ilarie ta aiko cewa gidan aikin sun sallami Tudora saboda tarin, ta mutu a asibitin marasa galihu. Na tambayi masu amalanke ko akwai wanda ya san inda aka binne ta, ko zan aika a kunna mata kyandir. Duk wanda na tambaya sai ya ce birnin babba ne, maƙabartunsa suna da yawa.